'Yata ta shiga SS1 ta nace sai Foda Mas, Abbanta ya ce a'a

Assalamu alaikum Malama, dan Allah a ɓoye sunana. 'Yata ce ta fari ta shiga SS1 ajin sayans wannan zangon, shekararta 14. Makaranta ta aiko da takarda wai akwai Foda Mas (Further Maths, wato lissafi mai zurfi) ga wanda yake so ba dole ba ne, sannan akwai lesin ɗin ƙarin lissafi ranar Asabar da safe dubu goma sha biyar duk zango, wai daga ciki suke zaɓar masu zuwa gasa. Ita ta nace tana son duka biyun har da kukanta. Abbansu ya ce a'a, tunda likita take so ta zama me za ta yi da wani lissafi na biyu, kuma ranar Asabar tana da Islamiyya ga hadda ta fara nisa. A jarrabawar JSS3 kiredit ta samu a lissafi ba A ba. Ni kuma ban yi nisa a boko ba, lissafi ma tun ina makaranta ba ma ga maciji da shi, ban san me zan ce ba. Tsorona kar kaya su yi mata yawa ta zo ta faɗi sauran. Sati biyu suka ba mu mu mayar da takardar. Meye shawara?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Abu biyu ne makarantar nan ta cusa muku a takarda ɗaya shi ya sa ku ma kuke ta ja-in-ja a kai kamar abu ɗaya ne, alhali sam ba ɗaya suke ba. Foda Mas darasi ne cikakke da yake cikin manhajar babbar sakandare, yana da takardarsa a WAEC da NECO, a cikin lokacin makaranta ake koyar da shi. Lesin ɗin Asabar kuwa tsarin makarantar ne kawai, babu hukumar da ta san da zamansa. Ra'ayina tun daga farko dai, na farkon ki sa hannu ta shiga, na biyun ku dakata tukuna. Bari in faɗa miki dalili yadda ke ma za ki iya zama ki yi wa Abbansu bayani ba sai kin san lissafi ba.

Maganar da ya yi ba ƙarya a ciki, wannan ki fara ba shi gaskiyarsa. Mai neman likitanci a JAMB Turanci zai rubuta da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, ko lissafin gama-gari babu a cikin huɗun nan balle Foda Mas, hasali ma Foda Mas ba ya cikin darussan JAMB kwata-kwata. A WAEC ɗin ma kiredit biyar ake nema har da Turanci da lissafin da kowa yake yi, babu wanda zai hana ta gurbin likitanci dan ba ta yi Foda Mas ba. Idan tambayar ita ce ko dole ne, amsar a'a ce.

Amma yarinya ce 'yar shekara 14. Ki shiga kowane ajin sayans na SS1 ki ce masu son zama likita su ɗaga hannu ki ga hannuwa, sannan ki duba guraben likitanci a BUK ko ABU ko Danfodiyo, ba su kai yawan masu nema ba ko kusa, duk shekara sai ki ga yaro ya cike likitanci an tura shi Fiziks ko Kemistiri ko lissafin kansa, wani kuma shi da kansa a SS2 yake gane cewa ba ya iya kallon jini, injiniya ko kwamfuta ce ta fi kwanta masa. Duk waɗannan hanyoyin a shekarar farko ta jami'a lissafi ne yake tare mutum a bakin ƙofa, kalkulas da bakta da sauransu, a babban ɗakin lacca mai ɗaruruwan ɗalibai, malami yana gudu saboda zango gajere ne. Wanda ya yi Foda Mas a sakandare yawancin abin da zai gani a nan bita ce a wajensa, wanda bai yi ba kuma a sati goma sha wani abu ake so ya haɗiye abin da wancan ya yi shekara uku yana taunawa. Nan ne yara masu ƙoƙari da yawa suke fara kwasar kariyoba su rasa me ya same su. Kuma ko a sakandaren ma Fiziks ɗin da take buƙata dan likitancin cike yake da lissafin gudu da ƙarfi da kusurwa, ɓangaren bakta da makaniks na Foda Mas kusan abu ɗaya suke taɓawa, yaron da yake yin su a aji biyu ya fi wanda yake gani a aji ɗaya samun sauƙi.

Babban dalilina shi ne lokacin. Foda Mas kamar motar haya ce, a tasha ake shiga, in tafiya ba ta yi miki ba kina iya cewa direba ya sauke ki a hanya, amma ba a tare ta a tsakiyar titi tana gudu. A SS1 ake shimfiɗa su indisis da logaridim da sod da fankshan, a kansu ake ɗora kalkulas a SS2 da SS3, yarinyar da ta zo a SS2 ta ce yanzu ta canza ra'ayi tana so za ta tarar an yi mata nisa. Wadda ta fara kuwa ta ga ba za ta iya ba, ajiyewa kawai za ta yi, rijistar WAEC sai a SS3 ake yi, kuma darussa takwas zuwa tara ake rubutawa. Abu ɗaya dai ki tambayi mai kula da jarrabawa na makarantar, zuwa yaushe ne ɗalibi zai iya ajiye darasi ba matsala, saboda ana tura makin gwajin aji na shekarun baya lokacin rijista, ki kuma tambaya in ta ɗauki Foda Mas wane darasi ne zai fita daga jerin nata, dan wasu makarantun suna haɗa shi lokaci ɗaya da wani darasin a jadawali. Idan da Agirik ko Jogirafi aka haɗa shi ba damuwa. Idan da Bayoloji ne toh maganar ta canza, mai son likitanci ba ta ajiye Bayoloji ko dan waye.

Sai batun kiredit ɗin da ya tsaya miki a rai. Ni makin JSS3 ba ya gaya min komai sosai, na ga masu A da ba su iya tara rabi da sulusi ba, na ga masu C da ƙwaƙwalwarsu take ja kamar me sai dai ba su da sauri a ɗakin jarrabawa. Abin da yake kayar da yara a Foda Mas ba wahalar sabon abu ba ne, ramukan da aka baro a baya ne, firakshan da lambobi masu alamar ragi da sauya harafi daga wannan gefe zuwa wancan. Kuma wannan a gida za ku iya gwadawa daren yau, ba kalkuleta. Ki ce ta tara 1/2 da 1/3, in ta ce 5/6 madalla, in ta ce 2/5 akwai aiki. Ki ce 3 a cire 8, amsa -5. Ki ce an sayi atamfa an yi ragin kashi 20 cikin ɗari an biya 8,000, nawa ne kuɗinta na asali, amsar 10,000 ce, masu gaggawa 9,600 suke cewa. Sannan ki miƙa wa Abbansu wannan shi ya yi mata da bakinsa, mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da mahaifiya da ɗa namiji ɗaya da 'ya mace ɗaya, bayan an biya bashi da wasiyya abin da ya rage naira 720,000. Matar tana da tumuni wato 1/8, uwa tana da sudusi wato 1/6, sauran na 'ya'ya namiji rabon mata biyu. Matar 90,000, uwa 120,000, saura 510,000 a kasa uku, ɗa 340,000 'ya 170,000. In ta warware wannan ita kaɗai tushenta lafiya lau yake.

Da gangan na kawo na gadon, saboda iyayenmu maza da yawa suna ɗaukar lissafi wani kayan Turawa ne da yake cin lokacin karatun addini. Littafin aljabra da masanin lissafi Al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820 babban kaso na ƙarshensa matsalolin gado da wasiyya ne. A nan gida ma Muhammad ibn Muhammad al-Kashinawi, Bakatsine, ya rubuta littafi a kan jadawalin lambobi da kowane layi yake ba da jimla ɗaya a 1732, a Alƙahira ya rasu a 1741. Ba sai kin haddace wannan ba, amma in hira ta kai can kina da abin faɗa.

Ba amsar kaɗai za ku duba ba, ki kalli yadda take yi in ta maƙale. Akwai yaron da in bai gane ba a minti ɗaya sai ya ture littafin ya ce ba a koya mana ba, akwai wanda zai ciji biro ya sake gwadawa ta wata hanya har a kira shi cin abinci bai ji ba. Na biyun nan shi ne ɗan Foda Mas ko da kuwa ya faɗi biyu cikin huɗun da na ba ki. Sannan ki tambaye ta a natse ke da ita ba a gaban babanta ba, me ya sa take so. In ta ce lissafin ne yake mata daɗi shikenan. In kuma ƙawayenta ne duk suka rubuta suna, wannan ma ba laifi ba ne wallahi, yara da yawa ƙawa ce ta ja su zuwa abin da ya zama sana'arsu, sai dai ki sani dan ki san irin idon da za ki sa.

Idan gwajin ya nuna akwai ramuka, ba cewa na yi a hana ta ba. Zangon farko na SS1 yawanci ba a yi nisa ba, minti talatin kullum da littafin lissafinta na JSS2 da JSS3 tana bin babin firakshan da na aljabra tana yin tambayoyin ƙarshen babi ya isa ya cike da yawa. Amma kinga wannan gyaran tushe ne, kuma lesin ɗin ƙarin ilimi ba dan shi aka yi shi ba, kar a rikita miki su.

Toh lesin ɗin Asabar. A nan nake tare da Abbansu, amma ba dan lissafin ba shi da amfani ba. Irin wannan ajin in na gaske ne abu ne mai kyau sosai, ba gaba ake yi da manhaja ba, tambaya ɗaya ake ba yara su yi rabin awa suna kokawa da ita, irin a ce tara duk lambobi daga 1 zuwa 100 ba tare da bin su ɗaya bayan ɗaya ba, sai yaro ya lura 1 da 100 sun ba da 101, 2 da 99 ma 101, haka har sau hamsin, 5050 kenan, daga nan a ce toh in zuwa 1000 ne fa, in lambobin mara ne kawai fa, ka tabbatar mana dalilin da ya sa dabarar take aiki kullum. Irin tunanin da ake nema a gasar Olimfiyad kenan, wadda Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da take Sheda a Kwali ta Abuja take shiryawa zagaye-zagaye har a fitar da masu wakiltar Najeriya a ta Afirka da ta duniya. Ta duniyar tun 1959 aka fara ta a Romaniya, tambaya shida ce kacal a kwana biyu, kowace rana awa huɗu da rabi a kan tambaya uku, kinga ba gudu ake ba zurfi ake nema. Akwai kuma irin Cowbellpedia da ake nunawa a talabijin, ita sauri take so. Duk suna da kyau ga yaron da yake da sha'awa.

Matsalar ita ce ba duk abin da aka kira ƙarin ilimi ne ƙarin ilimi ba. A makarantu da yawa lesin ɗin Asabar darasin Litinin ne ake maimaitawa da kuɗi, wani wajen ma har malami ya riƙe wani babi ba zai yi shi a aji ba sai a lesin dan a matsa wa iyaye, wani kuma tsofaffin tambayoyin WAEC ake ta haddace wa yaran da ko wata biyu ba su yi a SS1 ba. Ban ce makarantarku haka take ba. Amma kafin dubu goma sha biyar ta fita kina da haƙƙin ki je ki tambaya, waye yake koyarwa, shi ne mai Foda Mas ɗin ko wani ne daban, yara nawa ne a ajin, a nuna miki takardar tambayoyin da suka yi bara, a gaya miki wace gasa suka shiga bara kuma su waye suka je. Ba sai kin iya lissafi ba, makarantar da take yi da gaske jiki na rawa za a ɗauko miki, wadda ba ta yi za ki ji ana ta kewaye-kewaye. Ki kuma tambaya ko wanda bai shiga lesin ba yana iya zama gwajin zaɓen 'yan gasa, in suka ce a'a sai wanda ya biya, kin gane inda aka dosa. Kuma tunda 'ya mace ce, ranar Asabar makaranta ba kowa, wace malama ce take nan, ƙarfe nawa ake tashi, wa zai kai ta ya ɗauko ta, wannan ba ƙaramar tambaya ba ce.

Ko da ajin na gaske ne ma ni ba zan so ta fara duka lokaci ɗaya ba. Daga JSS3 zuwa SS1 tsalle ne babba, Besik Sayans guda ɗaya da ta sani ya rabe ya zama Fiziks da Kemistiri da Bayoloji kowanne da malaminsa da aikin gidansa da firaktikal, ga Foda Mas an ƙara, ga hadda wadda ita ma kullum take son a ba ta haƙƙinta in ba haka ba ta zube, ga aikin gida tunda ita ce babba na san ba a raga mata. Yarinyar da take kwanciya sha ɗaya ta tashi da asuba ba lissafi ba ko me aka koya mata ba zai zauna ba. Haddar nan kuma kar a taɓa ta dan lesin, in aka sa yarinya ta zaɓa tsakanin Alƙur'ani da lissafi an zalunce ta, kuma an ba wa Abbansu dalilin tsanar abin gaba ɗaya. Lesin ba ya guduwa, shi ana iya shigarsa a zango na biyu ko SS2. In sha'awar gasar ce take cinta, ki roƙi malamin ya dinga ba ta takardar tambayoyin Asabar ɗin ta yi a gida ranar Alhamis ko Juma'a da yamma da ba Islamiyya, malamin da yake son lissafi da gaske da wuya ya ƙi yarinyar da ta zo tana roƙon ƙarin aiki. In akwai waya a gidan, shafin koyon karatu na intanet Khan Academy kyauta ne sai dai kuɗin data, ki zauna kusa da ita dai lokacin da take kai.

Ki lura da wani abu kuma, shi kansa Foda Mas ɗin ya danganta da malami. Masu koyar da shi sun yi ƙaranci, makarantu da yawa suna rubuta shi a takarda amma sai ki tarar ɗan bautar ƙasa ne yake riƙe da shi, in ya gama shekararsa ajin ya mutu sai an sake turo wani. Wasu 'yan bautar ƙasar sun fi ma na dindindin iyawa, ba raina su nake ba, amma darasin shekara uku ne yana son wanda zai zauna. Ki tambaya ɗalibai nawa ne suka rubuta shi a WAEC ɗin da ta wuce a makarantar. In an ce babu ko ɗaya, ta shiga dai ta ƙaru da abin da ta samu, amma kar ku sa rai da yawa.

Yadda za ki kai wa Abbansu maganar, kar ki je da sigar ke da 'yarki kun haɗa kai. Ki ce kin bincika kin gano yana da gaskiya a kan JAMB kuma yana da gaskiya a kan Asabar, an bar lesin, Islamiyya tana nan yadda take, kuɗinsa ma sun huta. Abin da kike roƙo kawai ya bari ta zauna ajin da ake yi a cikin lokacin makaranta, zango biyu na gwaji, da sharaɗin da shi zai gindaya da bakinsa, misali in Kemistiri ko Bayoloji ko hadda suka yi ƙasa za ta ajiye ba gardama. Zango biyu na ce ba ɗaya ba saboda makin farko a Foda Mas yakan zo da ban tsoro, yarinyar da ta saba da 70 sai ta ga 45 ta dawo gida tana kuka, wannan ba alamar ta kasa ba ce, kusan kowa haka yake farawa, abin dubawa shi ne na zango na biyu ya ɗaga ko bai ɗaga ba, kuma har yanzu tana buɗe littafin da kanta ko sai an yi mata faɗa.

Ke kuma dan Allah ki daina cewa a gabanta ku ba kwa ga maciji da lissafi, 'ya'ya mata suna ɗaukar irin wannan maganar daga bakin uwa su mayar da ita tasu, ranar da abu ya yi mata wuya sai ta ce ai gado na yi. In ta dawo ki ce ta koya miki abin da aka yi yau ko ba ki gane ba, wajen yi miki bayani ita za ta gano inda ba ta gane ba. Takardar kuma kar ki jira sati biyun su cika, ki je makarantar cikin satin nan da tambayoyin nan a rubuce, ki nemi ganin malamin Foda Mas ɗin da kansa ba mai karɓar kuɗi ba.